Idona Biyu

Shekarun baya masu nisa, lokacin Nasara ba su daɗe da shigowa ƙasar Gumel ba, aka kawo ni daga Gagarawa zuwa wani ɗan ƙauye tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, gidan mutumin da ya ɗauki barci abokin gaba. Ni ban iya rubutu ba, ko a allo ban yi nisa ba. Jikata ce take rubutawa ina faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, in kuka ya zo mini ta ajiye alƙalami ta jira ni. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Ban faɗe shi yana da rai ba, ba yanzu da yake ƙasa zan fara ba. Maigidana ne, Allah ya jiƙansa, ya kuma yafe masa wahalar da ya ba ni.

Haƙar rijiya ce sana'arsu, su uku: shi, da ƙanin mahaifinsa da muke kira Baffa, da wani taubashinsa mai bakin tsiya. Da damina manoma ne kamar kowa. Da an kai gero rumbu sai su ɗauki dagi da igiya su bi ƙauyuka. Rijiyar ƙasarmu ba wasa ba ce. Ruwa yana da nisa, sai a yi gaba ashirin ba a ga danshi ba, ga rairayi mai son ruftawa. Mutum ɗaya ne a ƙasa yana sara da dagi yana cika kwando, na sama suna ja. Ya taɓa gaya mini in kana can ciki ka ɗaga kai, sararin sama bai fi faifai ba. Tun ranar da ya faɗi haka, duk safiyar da ya fita sai in bi shi da addu'a. Abin da nake roƙo kullum ɗaya ne, ya dawo mini yadda ya fita, ba a ɗauko shi a kan asabari ba.

Baffa yana da doka guda wadda ya ce shi ma haka ya tarar. In rana ta take, a jawo na ƙasa, a sha fura, kowa ya miƙe a inuwa ya yi ƙailula har azahar. Kowa yana yi. Jakuna ma suna yi. Maigidana kaɗai ne zai jingina da bishiya, ya tura goro a kumatu, ya ɗauko kaba yana tufka igiya yana 'yar waƙa a hanci, don kowa ya shaida bai rufe ido ba. Baffa ya yi faɗa har ya gaji ya ƙyale shi, don a cikinsu shi ne mai ƙarfi. Abin da mutum biyu za su haƙa a yini, shi kaɗai yakan haƙa.

Sai daga baya na ji mafarin abin. Wai yana saurayi aka yi gayya a gonar mai gari, shi kuma ya zagaya bayan kuka ya ɗan kishingiɗa. Bai farka ba sai da aka gama noma aka cinye tuwo, makaɗa suka zo suka tsaya a kansa da ganga. Nan taubashin nan nasa ya laƙaba masa Kasa, macijin nan da za ka tsallake shi yana barci bai sani ba. Sunan ya bi shi, har 'yan mata suka sa shi a waƙar dandali. Shi ne ya rantse ba mahalukin da zai ƙara ganin idonsa a rufe rana tana sama. To da ya tsaya nan ai da sauƙi. Abin ya zarce har dare. Shi ne na ƙarshen barin hira, don kada a ce barci ya kore shi. Shi ne na farkon isa masallaci. Mutum da gemunsa, da matarsa, yana faɗa da waƙar 'yan matan da tuni suka yi aure suka haihu suka manta da shi.

A ranin da nake ba da labari, suna haƙa wa wani ƙauye kusa da mu rijiya. Kamar wannan bai ishe shi ba, sai ya karɓi jan ruwa wa garken wani Bafillatani a tsohuwar rijiya, tun kafin asuba, wai in damina ta faɗi za a ba shi maraƙi. Na ce masa maraƙin nan da ƙafa huɗu zai zo ko da fiffike, da za a sayar da barci a kansa? Ya ce mace ba ta san aiki ba.

Daga nan na fara ganin mutum yana zubewa a gabana kaɗan-kaɗan. Idanunsa suka yi jajir suka faɗa ciki. Kullum kansa ɗaure da tsumma saboda ciwon kai. Wanda ba ya ko mura, sai ga shi da tari ya ƙi tafiya. In ya kai ƙwarya baki, hannunsa yana rawa, fura tana zuba a gemu. Ya ajiye wuƙa a cinyarsa ya tayar da gida da nemanta. Ga faɗa, akuya ta yi kuka ma laifina ne. Wata rana na ajiye masa tuwo, na juya ɗauko ruwa, na dawo na tarar da loma a hannunsa tsakanin akushi da baki, kai ya sunkuya, miya tana ɗiga a gwiwa. Na tsaya ina kallon ikon Allah. Na ce, “Malam, ka je ka kwanta mana.”

Ya zabura ya ce, “Idona biyu.”

Wannan kalma, na ji ta har ta fita daga raina. Ya yi sujada a sallar azahar, liman ya ɗago, jama'a suka ɗago, har aka yi sallama shi yana nan goshi a ƙasa. Da aka taɓa shi ya ce idonsa biyu, addu'a ce ta yi tsawo. Ya zauna gyaran tufkar guga ya soke yatsa da basilla, idonsa biyu. Da zan samu ƙwayar gero ɗaya a kan kowane “idona biyu”, da na cika rumbu a ranin nan.

Ni ma na yi tawa wautar. Na ga goro ne makaminsa, sai na kwashe wanda yake ajiyewa a ganye cikin tukunya. Na rasa inda zan ɓoye, don ɗakin ɗaya ne, zubarwa kuma zunubi, sai na zauna bayan rumbu na cinye guda uku ni kaɗai, ni da ko tsallen goro ban saba ci ba. Ranar nan shi dai ya samo wani a wurin hira. Ni kuwa na kwana ina ƙirga itacen rufin ɗaki, zuciyata tana bugawa kamar ana daka, da safe na zuba gishiri a kunu. Ya sha, ya dube ni, ya ce ashe rashin barci yana ɓata wa mutum aiki. A bakinsa fa. Na rasa dariya zan yi ko jifa.

Aikinsa kuma ya fara nunawa. Rijiya tana son miƙewa sak, daga baki har ƙasa. Baffa yakan kwanta rub da ciki a bakin rami, ya rufe ido ɗaya, ya saki igiya da dutse ya duba. Wata rana ya duba ya ga dutsen yana gogar bango. Wajen gaba biyu na ƙarshe, duk haƙar maigidana, sun karkace gabas. Kuma wanda yake cika kwando har na sama su roƙe shi ya sassauta, yanzu sai su yi ta jira igiya ba ta motsa ba.

Abin da ya kai ni bango ya faru ne kwana biyu bayan haka. Taubashin yana ƙasa, maigidana yana sama a kan igiya. Kwando cike ya taho rabin hanya, sai gyangyaɗi ya ɗauke shi, igiya ta suɓuce. Allah ya sa Baffa yana kusa ya taka ta da ƙafa, amma kwandon ya kife, ƙasa ta zube wa na ciki a ka. Da dagi ne ko dutse, da sai dai a rufe ramin da shi. Baffa ya leƙa ramin. Can sai murya ta taso daga ƙasa, yana tofar da rairayi.

“Kasa, ido nawa?”

Maigidana, hannuwansa sun saɓule suna jini, ya leƙa ya ce, “Biyu.”

Matar taubashin ce ta zo har gida ta fesa mini, ba da dariya ba. Ta ce in mijina yana son mutuwa ya mutu shi kaɗai, ita 'ya'yanta ƙanana ne. Gaskiyarta ce.

Da yamma na yi abin da ban taɓa yi ba. Ni da ko hanya ba na haɗawa da Baffa saboda kunya, na je ƙofar gidansa na durƙusa a bayan zana, ina magana da ƙasa. Na ce Baffa ya yi mini rai ya fitar da ɗansa daga ramin nan, in ba haka ba ko ya kashe wani ko ya kashe kansa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce in tashi in tafi gida, ya ji, kuma in ya hana shi aiki kai tsaye, sai ya tafi ya haƙa wa wasu, gara a yi masa dabara.

Dabarar ita ce aike. Washegari Baffa ya ce gugansu ya mutu, igiya ma ba za ta kai ruwa ba, sai an je kasuwar Maigatari an sayo fata mai kyau da kaba. Ya aro takarkarin Bafillatanin nan, wani sa mai sanyin hali, ya ce maigidana ya je, ya sauka gidan wani aminin Baffa, ya kwana biyu, kada ya kuskura ya dawo kafin nan. Na ji daɗi har na yi masa guzurin ƙuli-ƙuli da dakakken gero. A raina na ce can ba rami, ba igiya, ba wanda ya san waƙar Kasa, dole ya kwanta.

Yana ɗaure kaya bai dube ni ba ya ce, “Ke kika je wurin Baffa.”

Na ce ni.

Ya ce, “To za ku gani.”

Mun kuwa gani. Ya isa Maigatari, ya yi sayayyarsa a yinin nan. Maimakon gidan aminin Baffa, sai ya zauna a zango wurin fataken Damagaram ana hira ana cin goro har aka yi asuba, ya yi salla ya ɗora kaya ya hau sa ya juyo. Nufinsa ya iso bakin rijiya kafin magariba, ya jefa wa Baffa fata a gaba, a ce tafiyar kwana uku ya yi ta a biyu bai runtsa ba.

Rana ta take yana tsakiyar daji. Tafiyar takarkari kuwa kamar ana jijjiga jariri ce. Ya ce abin da ya tuna na ƙarshe shi ne yana kallon ƙahon san yana lilo. Shi kuma sa, da ya ji igiya ta saki, sai ya yi abin da duk mai hankali yake yi a wannan lokaci, ya bar hanya ya nufi inuwa. Dabba ma ta san ƙailula. Inuwar da ke kusa ta aduwa ce, mai rassa ƙasa-ƙasa, ƙayarta kamar yatsa. San ya sunkuya ya shige, maigidana yana zaune a miƙe a bayansa, fuska a sake.

Wasu mata masu tsintar aduwa ne suka ji ihunsa. Suka kira mazansu, aka ɗaure masa fuska da rawani, wani bawan Allah ya jawo san har ƙofar gidanmu. Ni duk tsawon ranin nan rijiya nake tsoro. Ko sau ɗaya ban kawo bishiya a raina ba. Kuma ni na sa aka tura shi hanyar.

Ki rubuta wannan ma, kada ki tsallake. Da na ga rawanin ya jiƙe da jini, maganar farko da ta fito bakina ba sannu ba ce. Cewa na yi, “Ba na faɗa maka ba?” Sannan na faɗi ina kuka. Har yau in na tuna sai na ji kunya, amma Allah ya sani na faɗa masa.

Wanzami ya zo ya cire ƙayar da hantsaki, mutum huɗu suna danne da shi. Ya ce idon hagu ya tsiyaye, sai haƙuri, a yi ta addu'a kada ya taɓa na dama. Aka wanke, aka sa magani, aka ɗaure duka biyun, aka kwantar da shi a ɗaki. Sai mutumin nan ya yi barci. Ban taɓa ganin irinsa ba. Kwana uku, sai dai a tashe shi ya yi salla a zaune, ya kurɓi kunu, ya koma. Minsharinsa har maƙwabta. Ni kuma da na shekara ina roƙon ya kwanta, sai ga ni ina kai yatsa hancinsa ina jin ko yana numfashi, ina girgiza shi ina cewa Malam, Malam. A rana ta biyu ya ce, “Ke dai ba a iya miki. In na tashi faɗa, in na kwanta faɗa.”

Da ya warke, sai na ga kamar an canza mini miji. Tari ya tafi. Tsumman kai ya koma abin goge tukunya. Hannu ya daina rawa, kumatu suka ciko, akuya ta yi ta kukanta ba wanda ya kula. Ya aika wa Bafillatani ya nemi wani mai jan ruwa, maraƙi ya sha ruwansa lafiya. Ni na ɗauka ya bar rami ke nan, amma bayan wata guda ya ɗauki dagi. Na yi kuka, na yi fushi, na ce da ido biyu ma yaya aka ƙare. Ya ce ai da can ba biyu ba ne, ko ɗaya babu.

Shi ya gyara karkatar da ya yi, ya sassaƙe bangon har dutsen Baffa ya sauka bai taɓa ko'ina ba. Baffa ya ce abin ya zo masa da sauƙi, su sai sun rufe ido ɗaya suke ganin miƙewa, shi an riga an rufe masa. Ranar farko da rana ta take aka jawo shi, ya sha fura, kowa yana satar kallonsa. Taubashin ya kasa haƙuri.

“Kasa, yau ido nawa?”

Ya shimfiɗa buzunsa, ya ce, “Ɗaya. Shi ma yanzu zan rufe shi. Wanda ya tashe ni kafin azahar, shi zan jefa a rami.”

Kwana tara bayan haka daginsa ya fasa idon ruwa. Mata suka yi guɗa, aka kawo mana a ƙwarya muka sha, garɗinsa har yanzu yana bakina. Taubashin ya ce to Alhamdu lillahi, Kasa ya koma ido biyu, nasa ɗaya, na rijiya ɗaya.

Da Baffa ya rasu, shi ya gaji dagin da dokar. Ya fi Baffa tsanani ma. Duk wanda ya zo masa da jan ido da safe, sai ya kora shi gida, ya nuna masa ramin fuskarsa ya ce wannan aduwa ce ta karɓa, amma goro da girman kai ne suka sayar mata. Ya haƙa rijiyoyi daga nan har wajen Gagarawa, ba wadda ta karkace, ba wanda ya mutu a hannunsa. Ya kai tsufa yana ɗaukar damin gero shi kaɗai, sa'o'insa suna dogara sanda.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau, ƙarfin nan da yake taƙama da shi, a barci ake ɗura masa shi, shi kuma yana ganin barcin ne ɓarawo. Sai da aka karɓi ido aka ba shi abin da nake ba shi kyauta da baki. In na tuna sai haushi ya kama ni sabo fil, kamar jiya. Sai kuma in tuna ni na durƙusa a bayan zanar Baffa. Ya sha ce mini in daina, wai da ban je ba da a rami zai ƙare, ya tafi da taubashinsa. Wataƙila haka ne. Amma ni na yi shekara arba'in ina kallon gefen fuskar nan.

Rani uku ke nan da ya tafi. Ranar ya sha furarsa, ya shimfiɗa buzu a rumfa, ya juya gefen dama ya kwanta kamar kullum. Ni kuma na kama aikina na kullum, gadin barcinsa. Na kori kaji. Na leƙa ta katanga na roƙi maƙwabciya ta dakata da daka. Wani ya yi sallama yana nemansa a kan maganar yasar rijiya, na ce ya dawo an jima, Malam yana ƙailula, ko Sarki ne sai ya jira. Aka kira azahar, na dube shi na ga ya yi luf, fuskarsa a sake, na ce bari ya ɗan ƙara, ai ya yi shekaru yana bin kansa bashin barci. Sai da inuwar rumfa ta bar ƙafafunsa na matsa, na taɓa kafaɗarsa, na yi masa wasan da muka saba.

Na ce, “Malam, ido nawa?”

Jira ni kaɗan.

To. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. In rana ta take nakan shimfiɗa buzun nan nasa a rumfa in kwanta, in rufe ido, ba abin da yake zuwa. Ƙafafuna sun yi nauyi, kaina kullum a ɗaure, jiya ma na zuba gishiri a kunu. Jikokina suna ta yi mini faɗa, irin wanda na yi masa, da kalmomina. Ɗazu wannan mai rubutun ta leƙo tana tafiya a hankali, ta ce, “Kaka, kin samu kin yi barci?”

Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce, “Idona biyu.”

Ka ga abin da ka bar mini, Malam.